Allahn Yakubu da Lambun Dudu

Dudu ta diro daga jirgin ruwa tun bai gama tsayawa ba. Ruwa ya jiƙa mata bakin zane, ko dubawa ba ta yi ba. Ta ratsa masu kwandunan kifi da masu buhunan albasa na bakin ruwan Yelwa, ta miƙe sai teburin mai shayin bayan makarantar sakandare, don ta san ko gobara ake yi a garin, can za ta sami ƙanenta. Can ɗin kuwa ta same shi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya shaƙe wuyansa da taye da safiyar Allah, yana nuna sama da cokali.

"Yakubu, tashi. Yau ne."

"Na sani, Yaya. Zauna ki sha shayi, alƙali bai zauna ba tukuna."

"Ba shayi ya kawo ni ba."

Maganar lambu ce. Shekarun baya, lokacin da mijinta ya kwanta ciwon da bai tashi ba, Dudu ta ba maƙwabcinsu Alhaji Wakili aron lambun albasarta na bakin tafki, ya noma kafin ta sami kanta. A gaban mutum biyu aka yi, wani tsoho Baba Garba da ƙanen nan nata. Miji ya rasu, ta yi takaba ta fita, ta je karɓar abinta, sai Wakili ya buɗe ido ya ce wane lambu? Ai marigayi kyauta ya bar masa. Baba Garba kuwa ya riga ya bi marigayin. Da lambun nan take sa ran ciyar da marayunta, ba ta da wani. Da ta kai ƙara, alƙali ya yi mata bayani dalla-dalla: ta kawo shaida ɗaya adali, ta haɗa da rantsuwarta, lambu nata ne. In shaidar ta faɗi, rantsuwa ta koma kan Wakili, in ya rantse ya ci.

To, shaidar ke nan zaune yana kaɗa cokali.

Sai an san Yakubu kafin a san abin da ya hana Dudu cin abinci tun jiya. Su Gungawa ne, a tsibiri aka haife su, tsibirin da ruwan dam ya shanye lokacin da aka kwashe mutane aka zuba su a gidajen siminti masu zafi kamar tanda. Dudu ta musulunta da aurenta, ta riƙe abinta. Shi kuwa 'yan mishan ne suka ɗauke shi yana yaro, suka tsoma shi a ruwa, suka koya masa waƙa da Turanci. Daga nan ya wuce Zariya. Da ya dawo da takardunsa ya kama koyar da kimiyya, sai aka riƙa ganinsa a sahun Juma'a, mutane suka ce madalla, ya shigo. Ba a daɗe ba ya daina. Coci ma bai koma ba. Ya zo da wani addini nasa wanda shi ne liman shi ne mamu, yana da suna na Turanci, wai diyizim, kamar sunan maganin tari.

Abin da addinin ya ce kuwa, bakin mai faɗa ne, ba na mai ba da labari ba. Wai akwai Allah, shi ya yi sama da ƙasa, ya tsara komai daidai, sa'an nan ya janye hannunsa. Ba ya aiko kowa, ba ya karɓar roƙo, ba ya sa baki. Misalinsa kullum ɗaya ne. Wai kamar Turawan da suka gina dam: sun ɗaure ruwa, sun tsara lokacin cikarsa da lokacin janyewarsa, sun hau jirginsu sun tafi gida. Ruwa na ta aikinsa, ba wanda ke tsaye yana jiran kukan Bagunge. Astagfirullah.

Mutum biyu ne ke zama su saurari wannan, su ma don su musa. Na farko Basiru, malamin tarihi, mai gemu kamar na bunsuru, wanda ya ce a riƙa kiransa Kwamared. Shi ya ce babu kowa a sama sam, talaka ne ya ƙirƙira don ya sami wurin kai kuka. Amma duk unguwa ta san wanda ya je karɓo rubutu da gudu ranar da naƙuda ta zo wa matarsa da gardama. Na biyu Tamada mai bishara, ɗan ƙanen babansu Dudu, mai keke da jakar fata, wanda yake da coci a wani ƙauyen Kambari ta wajen Ngaski. Rabin jama'arsa surukansa ne, sauran rabin kuma sai ranar da ake rabon magani.

Dudu ta tsaya a kansu, ta riƙe ƙugu.

"Abu guda nike so, Yakubu. In alƙali ya tambaye ka mi kake, ka ce Musulmi. Ka faɗi abin da ka gani, mu tahi. Shi ke nan."

"Ba zai tambaya ba, Yaya. Lambu ake wa shari'a, ba ni ba."

"Ba ka san Wakili ba."

Basiru ya ƙyalƙyale da dariya har shayi ya zubo masa a gemu. "Gaya masa, Inna! Wallahi da ni ne har carbi zan riƙe. Kalma ce fa kawai, iska. Wa ke sama da zai rubuta?"

"Ji mai cewa babu yana wallahi," in ji Tamada.

"Al'ada ce ta baki."

Yakubu ya ajiye cokali. "Akwai shi, Basiru. Buɗe idon kifi ka duba yadda aka shirya shi. Dubi wata, bai taɓa makara ba. Abu ba ya yin kansa."

"To na ji, akwai. Amma ba ya ji, ba ya magana, ba ya zuwa. Mene ne bambancinsa da babu? Kai dai tsoro ne ya hana ka ƙarasowa wurinmu. Ka yi masa ritaya, ka kasa sallamarsa."

"Ba wurinku zai ƙarasa ba, gida zai dawo," in ji Tamada, ya gyara zaman jakarsa. "Ya riga ya yarda da Uba, Ɗan ne ya rage masa. Ruwan baftisma ba ya bushewa. Ɗan'uwa, ka tashi ka ce kai Kirista ne, mu nemi a ɗauke shari'ar a kai majistare, ka ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki, kowa ya gani."

"Kowa ya gani, ka ce ka kamo babban kifi," in ji Basiru.

"Na sha gaya maka, Tamada," in ji Yakubu, "Yesu malami ne nagari, ina girmama shi. Amma wanda ya tsara ruwa ya nutsar da mai nauyi ba zai warware tsarinsa don mutum ɗaya ya yi tafiya a kai ba. In ya warware, to da farko bai tsara daidai ba ke nan."

Tamada ya kumbura. Basiru ya buga tebur don daɗi. Mai shayi, wanda ya gaji da su tun bara, ya ci gaba da fifita wuta.

"Majistare!" in ji Dudu. "Albasa ta kusa cira, kai kana maganar majistare. Kafin a kira ni can, Wakili ya cire ya sayar ya sake dasa wata. Ni ban zo raba muku Allah ba. Tashi, Yakubu, ko in ɗauke ka kamar da."

Ya tashi. Sauran biyun ma suka biyo baya, ba don an gayyace su ba.

A hanya ta rage murya, don ta ga tsawa ba ta shigarsa. Suka wuce masu layin sabulu da madara a gaban kantin gwamnati, soja na tsaye da bulala. Ta ce masa, "Ka tuna ran da ka faɗa kogin Kwara kana ɗan mitsitsi? Inna na bakin ruwa tana ta kiran Allah. Wa ya tsamo ka?"

"Ke."

"To?"

"To kin gani, Yaya. Ke kika tsamo ni. Hannunki ne."

"Ina wanke tukunya, na ba ruwa baya. Wa ya juyo da kaina?"

Ya buɗe baki zai yi mata darasi, ta ɗaga masa hannu.

"Ban ce ka yi salla ba. Ban ce ka bar abinka ba, ku ƙarata kai da shi. Yara na ce ka duba. In lambun ga ya tahi, sai in kai su su yi wa wani dakon albasa a kan ƙasar ubansu."

Suka hango rufin kotu. Yakubu na son yayarsa, wannan ba wanda zai musa. Duk hutu yana can yana gyara mata danga da hannun nan nasa na alli. A ƙofa ya ce, "Na yi miki alkawari. Ba zan faɗi abin da ba a tambaye ni ba."

Dudu ta ɗauka ta ci.

Kotun ta cika da masu jiran tasu shari'ar da masu zuwa kallon ta wasu. Fanka na rataye ba ta motsi, don wutar da aka nutsar da garinsu saboda ita ba ta zo ba ranar. Alƙali tsoho ne mai tabarau, ya gaji da ƙaryar mutane har ta daina ba shi mamaki. Alhaji Wakili na zaune a gaba cikin farar riga, yana jan carbi da ƙarfi yadda na bayan kotu ma zai ji ƙarar.

Aka kira shaida. Yakubu ya miƙe, ya faɗi magana tsaf kamar yana karanta allo: ranar kasuwa ce, a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidan marigayi, marigayi na kwance a ciki yana jin su. Wakili da bakinsa ya ce aro, ya ce duk ranar da Dudu ta nema zai ɗauke hannunsa, har ya yi alkawarin kwandon albasa duk cira don kada a manta mai wuri. Ya kawo a shekarar farko, daga nan shiru.

Alƙali ya gyaɗa kai. Ya juya wurin Wakili. "Alhaji, ka ji. Kana da suka a kan wannan shaida?"

Wakili ya miƙe a hankali, ya yi tari irin na masu tsoron Allah. "Allah gafarta Malam, ni ba na son tona asirin kowa. Amma wanga mutum ba ya salla. Bara da aka fita roƙon ruwa, gari duk ya tahi fili, har awaki an kora, shi yana zaune teburin shayi shina cewa wai girgije ba ya jin Larabci. A tambayi kowa."

Kotu ta ɗauki guna-guni. Wata tsohuwa a baya ta ce a'uzu billahi har sau biyu.

Alƙali ya cire tabarau ya goge. Ba yau ya fara ganin Wakili a gabansa ba, ya kuma san inda gaskiya take tun zaman farko. Sai ya zaɓi tambayoyinsa kamar mai taka duwatsu a rafi.

"Malam Yakubu, ka yarda akwai Allah?"

"Na yarda, Allah gafarta Malam."

"Shi ya halicce ka?"

"Shi ya halicci komai."

"Yana da abokin tarayya?"

"Ba shi da. Shi kaɗai ne."

Tamada ya yi tsaki a inda yake. Alƙali bai ƙara tambaya ta gaba ba, wadda kowane yaro ya san ita ke biye, don ya hango in amsar ta fito ba lambu kaɗai za a rasa ba ranar.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Mai wannan magana ba a fitar da shi daga Musulunci da hirar teburin shayi. Sakaci da salla kuwa, ka tuba ka gyara, Malam. Baiwar Allah, je ki yi alwala ki zo ki rantse."

Dudu ta miƙe da murna. Ta kai bakin ƙofa, hannunta har ya taɓa butar kotu. A nan ta ji muryar da ta goya a bayanta ta ce:

"Amma, Allah gafarta Malam..."

Ku ji fa. An buɗe masa ƙofa, an share masa hanya, an ce wuce. Shiru kawai ake nema a wurinsa, abin da jariri ma ke iyawa in ya ƙoshi.

"Ban tambaye ka komai ba," in ji alƙali da sauri.

"Na ji an ce za a rubuta ni Musulmi. Kada a rubuta ni abin da ba ni ba ne. Na zo faɗin gaskiya a kan lambu, ba zan fara da ƙarya a kan kaina ba."

"Yakubu!" in ji Dudu daga ƙofa. Ɗan doka ya ce ta yi shiru.

Alƙali ya ajiye alƙalami. Ya dube shi irin duban da ake yi wa akuyar da ta kwance kanta ta bi mahauci. "To Kirista ne kai?"

Tamada ya ɗaga rabin jikinsa daga benci, fuska ta washe.

"A'a."

Tamada ya koma ya zauna.

"To ba ka da kowa ke nan, kamar wancan mai gemun da ake faɗa?"

Kowa ya juya neman Kwamared. Kwamared kuwa ya lafe bayan ginshiƙi, ya zaro wata hula daga aljihu ya kifa a kai. "Ni rakiya na yi, Allah gafarta Malam," in ji shi da 'yar murya.

"Ba ɗaya muke ba," in ji Yakubu. "Shi ya ce babu. Ni na ce akwai, na fi kowa tabbata akwai. Sai dai ya gama aikinsa tun farko, ya yi shi cikakke, ba ya bukatar dawowa gyara. Ya ba mu hankali, ya bar mu da shi. Kamar waɗanda suka gina dam..."

"Bar dam inda yake. In ka yi ƙarya a nan yanzu, wa zai kama ka?"

"Babu wanda zai kama ni. Hankalina ne zai hana ni."

"Lahira fa?"

"Mai yiwuwa akwai. Ba wanda ya dawo ya gaya mini."

Alƙali ya ɗaga kai ya dubi fankar da ba ta motsi. Sa'an nan ya ce, "Malam, na yi shekaru a kan wannan kujera. Na ga mai rantsuwa da Alƙur'ani, na ga mai Linjila, na ga wanda ke lasar ƙarfe. Kowannensu akwai abin da yake tsoro, da shi nake riƙe shi. Kai ka zo mini da hankalinka. Hankalinka ba ya cikin abin da kotu ke iya dubawa. Shaidarka ta faɗi."

Dudu ta saki buta, ta dawo da gudu ta durƙusa. "Allah gafarta Malam, wallahi tunda aka haife shi bai taɓa ƙarya ba! Ita ce cutarsa!"

Aka yi dariya, har ɗan doka. Alƙali bai yi ba.

"Na gani, baiwar Allah. Da idona na gani. Kina da wani shaidan?"

"Ya rasu."

"To rantsuwa ta koma kan wanda ake ƙara. Alhaji, za ka rantse?"

A nan ne carbin Wakili ya tsaya. Dudu ta lura, sai wani ɗan fata ya taso mata. Wakili ba Yakubu ba ne. Shi ya yarda ana ji, ya yarda ana gani, ya san labarin mutumin Shanga da ya rantse a kan saniya ya makance kafin kaka, da na mai jirgin da ya rantse a kan komar kamun kifi, ruwa ya ƙi mayar da gawarsa. Da bakinsa yake ba yara waɗannan labarai a ƙofar masallaci. Ta ce a ranta, ba zai iya ba. Wanda ƙanena ya ce ya tafi, shi zai riƙe hannun wanga mutum.

Wakili ya fita alwala. Ya daɗe. Ya wanke ƙafa ya sake wankewa, ya tsaya yana kallon ƙasa, har muhuti, magatakardan alƙali, ya leƙa ya kira shi. Ya shigo gumi na bin wuyansa. Aka miƙa masa Alƙur'ani a cikin gafakarsa, ya karɓa da hannu biyu. Kotu ta yi tsit. Alƙali ya yi masa gargaɗi irin wanda ake yi, ya ƙara masa da wanda ba a saba yi ba, ya ce har yanzu yana iya mayar da kayan mutane ya tafi gida da mutuncinsa.

Wakili ya dubi Dudu. Ya dubi ƙofa. Mai yiwuwa ya tuna farashin albasa a Legas a wannan shekarar. Ya buɗe baki, muryar ta fito da rawa a farko, tana zuwa tsakiya ta miƙe, ya ƙarasa ta sumul kamar mai kiran salla: marigayi kyauta ya ba shi, ba aro ba.

Dudu ta rufe ido tana jira. Ta ji kukan akuya a waje. Ta ji wani ya yi atishawa. Da ta buɗe, Wakili na tsaye yana mayar da carbi aljihu, idanunsa biyu garau, alƙali na rubutu ba tare da ya ɗaga kai ba.

A waje rana ta take. Basiru ya cire hularsa, ƙarfinsa ya dawo. "Kun gani? Ya rantse, rufi bai faɗo ba. Wa ya ci gardama yau? Yakubu, saura taki ɗaya ka iso."

"Hukunci na Ubangiji ne, yana zuwa a lokacinsa," in ji Tamada, yana kwance kekensa. "Da ka ji tawa, da yanzu muna majistare."

"Da kai ka ji tawa, da ka sayar da keken nan ka kama sana'a."

Suka tafi suna yi, kowa ya sami abin da zai faɗa a teburin shayi gobe. Ba wanda ya ce wa Dudu sannu.

Ita kuwa tana tsaye, idonta a kan farar rigar Wakili. Ya sauka matakala bai yi tuntuɓe ba. Ya tsallaka titi, wata babbar mota ta taho da lodin buhuna, Dudu ta riƙe numfashi, motar ta wuce ta bar shi yana gaisawa da mutane. Ya tsaya wurin mai soyayyen kifi, ya zaɓi babba, ya ci a tsaye, ko ƙaya ba ta maƙale masa ba.

"Yaya," in ji Yakubu a bayanta. "Tambayata aka..."

"Ba a tambaye ka ba."

Ya yi shiru, yanzu da shirun ba ya sayen komai. Ta kama hanyar bakin ruwa, ya bi ta. Ta shiga jirgi, ya shiga, ba ta ce ya zo ba, ba ta ce ya koma ba. Ya zauna a kan wani buhu yana kallon takalmansa. Duk abin da ya shekara yana faɗa a teburin shayi ya tabbata a gaban jama'a, an yi rantsuwar ƙarya sama ba ta ce uffan ba, amma ba ka ga alamar wanda ya ci gardama a fuskarsa.

Jirgi ya yanki tafki. Matan da ke ciki sun riga sun ji labari, don labari ya fi jirgi sauri a Yawuri, sai satar kallonsa suke suna taɓa juna. Ɗaya ta ce wa 'yar'uwarta, yadda zai ji, "Wai shi ne mai Allahn da ya tahi hutu."

Da suka kusa tungarsu, jirgin ya bi gefen lambuna. Ruwa ya janye, ƙasa baƙa ta fito, ga albasa kore shar jere-jere har bakin danga. Dangar nan da Yakubu ya ɗaure da hannunsa. 'Yan ƙwadagon Wakili na ciki suna watsa ruwa da ƙwarya suna waƙa. Can gefe, a wajen danga, ƙananan 'ya'yan Dudu na tsaye, sun hango jirgi suna ɗaga hannu, suna jiran a ce musu su shiga.

Yakubu ya dube su. Ya sa yatsa ya sassauta tayen da ke wuyansa, ya cire shi gaba ɗaya ya dunƙule a hannu. Leɓensa ya motsa. Injin na ƙara, amma Dudu ta goye shi, ta san motsin bakinsa tun ba shi da haƙori.

"Allah ya isa," ya ce.

Ta juyo ta dube shi sama da ƙasa.

"Wane? Naka da ya tahi, ko nawa?"

Mai jirgi ya kashe inji, jirgin ya ci gaba da silalawa shi kaɗai zuwa gaɓa. Dudu ta gyara ɗaurin zanenta, ta miƙe.

"In nawa ne, bari in faɗa da kaina," in ji ta. "Kai bai san muryarka ba."